Fashin Baƙi: “Filth”, Kalmar da Ake Furtawa Ana Toshe Hanci

Shekarun baya, lokacin da nake duba rubutun ɗalibai masu shirin jarrabawar kammala sakandare, wani yaro ya ba da labarin tafiyarsa ƙauye cikin hunturu. Ya ce da ya sauka daga mota, takalmansa da ƙafar wandonsa “were covered in filth”. Na kira shi na ce, “Kai kuwa me ka taka?” Ya ce, “Malam, ban taka komai ba, ƙura ce kawai.” Na ce to ina ka samo kalmar? Ya ce ƙamus ya duba, ya ga “dirt” ta yi arha, kowa ya san ta, shi kuwa babbar kalma yake so wadda za ta burge mai ba da maki. Nahawunsa ba shi da aibu ko kaɗan. Sai dai duk Baturen da ya karanta wannan jimla, abin da zai zo masa a rai shi ne yaron ya zurma cikin kwata, ko kuwa ya bi ta bayan gari ya kwaso abin da ba a ambata a gaban abinci.

Kuskuren yaron shi ne na mutane da yawa. Suna ɗauka “filth” ita ce “dirt” idan ta yi yawa, kamar yadda tafki yake kududdufi idan ya girma. Ba zancen yawa ba ne. A sauke tifa goma ta yashi a ƙofar gidanka, ba za a kira shi “filth” ba. Amma mushen ɓera guda ɗaya da ya kwana uku a bayan randa ya isa. Abin da ke raba kalmomin biyu shi ne ƙyama. Wanda ya ce “dirt” ya faɗi abin da idonsa ya gani. Wanda ya ce “filth” ya faɗi abin da ya gani, ya kuma haɗa da yadda zuciyarsa ta tashi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan rabe-rabe. Yaro ya yi wasan ƙasa ya dawo buɗu-buɗu, uwa ta ce ka yi datti, je ka yi wanka. Magana ta ƙare, ba wanda ya ji haushi. Riga ta kwana biyu a jiki, wuyanta ya yi baƙi, wannan dauɗa ce, sabulu ya ishe ta. Amma ranar da aka ce wa mace ƙazama a gaban kishiyarta, to sai an kira manya. Ƙazanta hukunci ce a kan abu da kuma mai abin. Idan ana neman kalma guda da za ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da “filth”, ita ce. A gefe guda kuma, ita kanta “datti” ana lissafa ta cikin kalmomin da muka aro daga “dirty” ta Ingilishi, kuma ba ta da wata alaƙa da sunan nan Datti, wanda shi daga dattijo ya fito.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ya daɗe da sanin uwar wannan kalma, ko da bai taɓa zama a aji ba. Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo ya ji an yi ihun “Fawul!” To “foul” ɗin nan ita ta haifi “filth”. A Tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi fiye da shekara dubu da suka wuce, “ful” mai dogon wasali tana nufin ruɓaɓɓe, mai ɗoyi. Sai aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar da ke mayar da siffa suna, wadda ta rage a yau a matsayin “th”. Ita ce dai a “long” da “length”, “strong” da “strength”, “deep” da “depth”, “wide” da “width”. Mu ma muna da irinta: mugu da mugunta, gajere da gajarta, ƙazami da ƙazanta. Dalilin da ya sa wasalin ya sauya kuwa, tsohuwar ɗafa-ƙeyar tana ɗauke da wasalin “i”, shi ya janyo “u” na cikin kalmar zuwa gaban baki, daga baya ya ɓace ya bar sawunsa. Shi ya sa uwa da ’ya ba su yi kama ba a yau, har mai harshen ma ba kasafai yake gane danginsu ɗaya ba.

Idan aka ƙara tonawa, saiwar ta wuce Ingila. A Jamusanci “faul” na nufin ruɓaɓɓe, tana kuma nufin malalaci. A harshen mutanen Holan “vuil” ita ce mai datti. Daga wannan tushe ne Latin ta sami “pus”, wato mugunya, da kalmar da ta zama “putrid”, abin da ya ruɓe har ya narke. Ke nan tun fil’azal kalmar ba ta ƙasa ba ce, ba ta ƙura ba ce. Ta ruɓa ce da wari, ta abin da ya taɓa yin rai ko ya fito daga jikin mai rai sannan ya lalace.

Ita kuwa “dirt” tafiyarta ta bi ta wata hanya daban, kuma akwai ban dariya a ciki. Daga harshen mutanen Arewacin Turai na da aka aro ta, inda “drit” ke nufin kashi, ba wani kwana-kwana. Da tafiya ta yi tafiya sai ta yi sanyi, ta koma taɓo, ta koma ƙasa, har ta kai Ba’amurke na kiran hanyar da ba kwalta “dirt road”, yana kiran ƙasar da yake shuka fure a ciki “dirt”. Kalmar da ta fara daga masai ta ƙare a lambu. “Filth” kuwa ba ta taɓa yarda an wanke ta haka ba. Ba za ka taɓa jin manomi ya ce zai shuka masara a cikinta ba.

Akwai wata masaniyar halayyar al’umma ’yar Birtaniya, Mary Douglas, da ta shahara tun 1966 da bayanin cewa datti abu ne da ya bar muhallinsa. Takalmi a ƙofar ɗaki ba laifi, takalmi a kan tabarmar cin abinci datti ne. Miya a kwano abinci ce, miya a gaban riga dauɗa ce. Bayanin ya zauna daram a kan “dirt”. A ganina bai gama rufe “filth” ba, domin abin da ke cikin salga yana muhallinsa, amma ba wanda zai leƙa ya ce tsaf yake. Duk da haka akwai inda maganarta ke da ƙarfi. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni da kashin dabbobi a kan jakuna suna kaiwa gona, abin da ɗan birni ya kawar da kai daga gare shi su kuɗi suke sa wa. Da ya isa gona sunansa taki. Ingilishi ma yana da kalmar wannan matsayi, “muck”, wadda asalinta kashin shanu ne, har mutanen Yorkshire na da karin maganar cewa inda “muck” yake nan kuɗi suke. Gwada cire ta ka sa “filth” a gurbinta, karin maganar ya mutu nan take, domin “muck” abu ne da ake naɗe hannun riga a shiga, “filth” kuwa ja da baya ake yi.

Sauran dangin ba sa buƙatar dogon bayani. “Dust” ƙura ce. “Grime” ita ce baƙar dauɗar da ta kama jiki ko bango ta zauna, irin ta hannun bakanike ko gindin tukunya. “Rubbish” ta Ingila da “garbage” ko “trash” na Amurka shara ce, wadda za ta iya zama takardu da ledoji marasa wari. “Squalor” kuwa yanayi ne na zaman ƙazanta haɗe da talauci, ba abin da za a ɗebo a shebur ba.

Ta fuskar nahawu, “filth” suna ce da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko gari. Ba a cewa “a filth”, kuma da wuya ka ga “filths” a rubutun zamani. In ana son a ware guda sai a ce “a piece of filth”, wanda galibi zagi ne ake yi wa mutum. Siffarta “filthy”, kuma ta fi uwar yawo a bakin mutane nesa ba kusa ba. Ba a mayar da ita aikatau a Ingilishin yau da kullum. Wanda yake son ya ce an ƙazantar da wuri sai ya koma wa “foul” ko “soil” ko “defile”. Furucinta kuma wani ɗan tarko ne ga harshenmu. Gaɓa ɗaya ce tak, mai gajeren wasali. Bahaushe kan hura “f” da leɓɓa biyu, ita kuwa tana son haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Ga “th” a ƙarshe, wadda mu muka saba mayarwa “s”, ’yan’uwanmu na Kudu kuma su mayar “t”. Ga kuma ɗabi’armu ta ƙin barin baƙaƙe biyu su haɗu ba wasali a tsakani. Sai ka ji “filis”. Maganinsa a sa kan harshe tsakanin haƙora bayan an gama “l”, a saki iska, a yi shiru.

A ƙarni na 19 wannan kalma ta shiga bakin likitoci da ’yan majalisa, ta zama kusan sunan wata mazhaba ta kiwon lafiya. Biranen Ingila sun cika sun tumbatsa saboda masana’antu, masai na malala cikin lunguna, kwalara da taifot na ɗibar mutane. Ra’ayin da ya fi rinjaye a lokacin shi ne cuta daga ruɓa take tashi, ta hau iska a matsayin wari, mutum ya shaƙa ya kwanta. Ana kiran irin waɗannan cututtuka “filth diseases”. Jagoran masu wannan ra’ayi, Edwin Chadwick, ya fitar da rahotonsa kan halin tsaftar ma’aikatan Birtaniya a 1842, wanda ya share fagen dokar lafiyar jama’a ta 1848. Shi a wurinsa duk wani wari cuta ne. Saboda haka aka dage da kawar da wari daga gidaje, aka riƙa tura abin da ke cikin ramukan masai zuwa magudanai, magudanai kuma suna zubewa a Kogin Thames, kogin da mutanen Landan da yawa ke sha. An gudu daga ɗoyi an faɗa wa guba. Annobar kwalara ta 1848 zuwa 1849 ta kashe mutum wajen 14,000 a Landan.

Likita John Snow ne ya nuna a 1854, ta hanyar bin sawun mace-macen da aka yi a kewayen wani famfo da ke Broad Street a unguwar Soho, cewa ta ruwa cutar ke shiga, ba ta hanci ba. Ba a saurare shi yadda ya kamata ba. Abin da ya motsa hukuma shi ne zafin bazarar 1858, lokacin da kogin ya yi ɗoyin da ’yan majalisa, waɗanda zaurensu ke bakin ruwan, suka kasa zama, har aka riƙa jiƙa labule da sinadari ana ratayawa a tagogi. Cikin ’yan makonni aka amince da kuɗin da injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa da suka kwashe ƙazantar daga tsakiyar birnin. Dalilinsu kuskure ne, aikinsu kuwa ya yi daidai, kwalara ta ja da baya. Abin da hujjar likita ta kasa, hancin manya ya yi shi.

A Amurka kuma kalmar ta shiga doka da ƙafar dama. Dokar abinci da magunguna ta 1938 ta ce abinci gurɓatacce ne idan akwai wani abu “filthy, putrid, or decomposed” a cikinsa. To amma alƙali ba zai yi hukunci da tashin zuciya ba, dole a sa ma’auni. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ta fitar da jadawalin iyakar abin da za a iya haƙuri da shi, tunda ba yadda za a yi a noma abu a fili a adana a rumbu a ce ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. A markaɗaɗɗiyar gyaɗar da suke shafawa a burodi, sai an sami ɓurɓushin ƙwari 30 ko fiye a kowane giram 100, ko gashin ɓera ɗaya ko fiye, sannan hukuma za ta ɗauki mataki. A cakulan adadin ɓurɓushin 60 ne. Akwai ma’aikatan da aikinsu ke nan, su zauna gaban madubin ƙara girma suna ƙirga ƙafar ƙwaro. Abin lura a nan, hukumar da kanta ta ce yawancin waɗannan iyakoki ba na haɗarin lafiya ba ne, na abin da rai ke ƙi ne. Ko a ɗakin gwaje-gwaje, ƙyamar ce dai ake aunawa.

Tun a Tsohon Ingilishi kalmar tana da fuska ta biyu, ta ƙazantar hali, kuma littattafan addini ne suka raine ta. William Tyndale, wanda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Ingilishi aka buga a 1526, aka kuma kashe shi a 1536, shi ya bar wa harshen “filthy lucre”, fassarar wata magana ta Girkanci mai nufin abin duniya da aka samu ta hanyar kunya. Fassarar Sarki James ta 1611 ta riƙe ta. Ba sai mun wahala ba wajen nemo takwararta, ƙazamar riba muke cewa. Daga baya, a ƙarni na 20, aka sami “filthy rich”. A farkonta akwai zargi a ciki, yanzu kuwa sau da yawa ba ta wuce a ce mutum ya yi kuɗi na fitar hankali ba, ana faɗa ana ɗan haɗiyar yawu. Masu fassara Alƙur’ani ma sun ɗauke ta. Marmaduke Pickthall, a fassararsa ta 1930, da ya zo kan “rijs” a aya ta 30 ta Suratul Hajji, inda aka yi umarni da nisantar ƙazantar gumaka, “filth” ya sa.

A nan ne nake ganin mai fassara ya fi bukatar ya taka a hankali, domin akwai kalmar da ke kusa da hannu, mai jan hankali, amma ba ita ba ce: najasa. Za ka ga an fassara najasa da “filth” a littattafan fiƙihu na Ingilishi, har ɗalibi ya ɗauka abu ɗaya ne. Najasa hukunci ce ta shari’a, tana da iyaka, tana da jerin abubuwan da suka shiga da waɗanda ba su shiga ba, kuma ba ruwanta da ko zuciyarka ta tashi ko ba ta tashi ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta, irin su saniya da akuya da tunkiya, masu tsarki ne muddin dabbar ba najasa take ci ba. Bafulatanin da ya fito daga garke da kashin shanu a gefen rigarsa zai iya yin salla da ita. Baturen birni da ya ga rigar zai ce “filthy” ba tare da ya yi tunani sau biyu ba. Juya ta ɗaya gefen. Giya a cikin kofin gilashi mai sheƙi, a wurin jumhurun malamai najasa ce, ɗigonta a tufa sai an wanke. A wurin Baturen nan kuwa ba abin da ya kai ta tsafta a kan teburin. Majina da kaki abin ƙyama ne ga kowa, amma ba najasa ba ne. Saboda haka da’irori biyu ne da suka haɗu a tsakiya, wajen su kashin mutum da mushe, kowacce kuma tana da ɓangaren da ɗayar ba ta kai ba. Mu da muke da tsafta daban, tsarki daban, mun fi Ingilishi kayan aiki a nan. Wanda ya fassara rahoton jarida kan unguwar da ke fama da “filth” ya ce najasa ta yi musu katutu, ya shigar da limami cikin maganar da ta duba-gari ce.

Fuska ta uku ita ce batsa. Idan Bature ya ɗaga mujalla ko ya nuna talabijin ya ce “this is filth”, ba ƙura yake nufi ba. “Filthy language” ashar ce da maganganun banza, “filthy joke” barkwancin batsa, “filthy mind” kuwa mutumin da ko me aka faɗa sai ya karkatar da shi ƙasan cibiya. Misalin da ’yan jaridar Birtaniya ba sa mantawa shi ne na 1 ga Disamba 1976, lokacin da mawaƙan nan Sex Pistols suka yi ta ɗura ashar kai tsaye a wani shirin yamma na gidan talabijin na Thames, mai gabatarwa Bill Grundy yana zuga su. Washegari jaridar Daily Mirror ta buga babban kanu, “The Filth and the Fury!” Kalmar ta yi wa jaridar aiki biyu a lokaci guda: ta bayyana abin da aka faɗa, ta kuma sanar da mai karatu matsayin da ake so ya ɗauka tun kafin ya karanta layin farko. Haka take a duk inda ta fito a muhawarar tarbiyya. Ba ta kawo hujja, rufe ƙofar gardama take yi, domin ba a zama a tattauna da abin da aka riga aka ce a kwashe a zubar.

Wannan ne ya sa take da nauyi ƙwarai idan aka ɗora ta kan ɗan Adam. “You filth” ta fi “you are dirty” muni nesa. Ta biyun ta ce akwai abu a jikinka, ruwa zai fitar. Ta farkon ta ce kai ne abin. A bakin ɓarayi da ’yan daba na Birtaniya, tun wajen shekarun 1960, “the filth” na nufin ’yan sanda, har ma da aikatau na jam’i ake bin ta, a ce “the filth are outside”. Wanda ya tsinci wannan a fim ya je ya gwada a titin Landan, shi ya jiyo. Akwai kuma wata ta zolaya da aka yi yayi a zamanin da Hong Kong ke hannun Birtaniya, inda aka mayar da haruffan kalmar taƙaitawar “Failed In London, Try Hong Kong”, ana yi wa Turawan da suka kasa kataɓus a gida suka tafi can neman sa’a dariya.

A Nijeriya kalmar ta taɓa zama taken gwamnati. Shirin Yaƙi da Rashin Ɗa’a na mulkin Janar Buhari da Janar Idiagbon, wanda aka ƙaddamar a Maris 1984, ya kai kashi na biyar a 1985, na tsaftar muhalli, wanda aka riƙa kira yaƙi da “filth”, har da alkawarin kyautar naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. An kwashe bola, an yashe kwatoci, kuma al’adar fitowa shara ranar Asabar ta samo ƙarfinta daga nan. Amma tsintsiyar ba ta tsaya kan shara ba. Ta haɗa da rumfunan masu ƙaramin ƙarfi da teburan ’yan tireda na bakin titi, aka rushe da yawa da sunan gyaran gari. Da cewa aka yi ana yaƙi da shara, da an san inda aikin zai tsaya, domin shara tana da kamanni. “Filth” kuwa duk abin da mai iko ya kalla ya yamutsa fuska zai iya shiga ciki.

Sai dai harshe ba ya barin kalma mai zafi ta zauna da zafinta har abada. Yawan amfani yana dusashe kaifi. Mutumin Ingila zai leƙa taga ya ga ruwa da iska ya ce “filthy weather”. Zai ce maigidansa na cikin “filthy mood”, ko wata ta yi masa “filthy look”, wato ta galla masa harara. Ba ƙazanta ko ɗaya a nan, tsanani kawai ake nufi. Mu ma haka muka yi da tamu kalmar ba tare da mun kwaikwayi kowa ba. Kullum a labarai sai an ce an yi ƙazamin faɗa, an kai ƙazamin hari, rikici ya ƙazanta, alhali ba wanda ya ga bola a wurin. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba, kowanne ya ɗauki kalmar abin ƙyama ya mayar da ita ma’aunin tsanani. Ina jin dalilin bai wuce cewa ƙyama na cikin ji mafi ƙarfi da jiki ya sani ba, shi ya sa baki ke rugawa gare ta in yana neman abin da zai girgiza mai sauraro.

Matakin ƙarshe shi ne wanda ke rikita dattawa, nasu da namu. A bakin matasa masu Ingilishi, “filthy” da “filth” sun zama yabo. Mai jifa a wasan ƙwallon gora na Amurka, wato “baseball”, ya yi jifan da mai bugu ya kasa taɓawa, sai a ce jifan “filthy” ne. A ɗora hoton abinci mai maiƙo yana naso a Instagram, a rubuta “pure filth”, ana nufin daɗinsa ya kai a ji kunya. Ɗan wasa ya yanke masu tsaron baya biyu, ya zura wa na uku ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya ɗaga ta saman mai tsaron gida, sai sharhi ya cika da “absolute filth”. Manufar ita ce abin ya wuce ƙa’ida, akwai rashin tausayi a ciki, bai kamata a yi wa ɗan’uwa haka a bainar jama’a ba. Wanda ya fassara wannan da “tsantsar ƙazanta” ya bar masu sauraronsa suna kallon juna. Abin da ake faɗa a gidan kallo a Fagge ko Tudun Wada idan aka ga irin wannan ƙwallo shi ne a dafe kai, a miƙe daga benci, a ce, “Kai, wannan yaro mugu ne!”